Garin Kwali a Bakin Dogo

  Malam ya ɗora mana, mu 'yan ajin ƙarshe, mu rubuta bayanin abin nan da muka girka a zauren makaranta ranar walima, tunda waɗanda suka gani sun yi ta tambaya, wasu iyaye kuma ba su samu zuwa ba. Abin dai ƙaramin gari ne na kwali da waya da tsinken ashana, a kan fallen katako biyu. Layin dogo ya ratsa shi, ya taso daga Ajame, ya haye gada, ya sauka Tireshbil. Mu tara muka yi shi cikin wata bakwai, ranakun Alhamis da ba a karatu.

Asalin maganar daga wayar yayan ɗayanmu ta fito. A ciki muka ga bidiyon wani gida a birnin Hambog na Jamus, sunansa Miniatur Wunderland, wanda aka buɗe a 2001. Ɗaki bayan ɗaki, duk ƙananan jiragen ƙasa ne ke yawo tsakanin ƙananan garuruwa. Su can ana samun irin waɗannan kaya a kanti, daga dogon har gidajen, kuma yawanci abu 87 suke mayarwa ɗaya wajen girma. Mu nan Ajame, duk da ana cewa ba abin da babu daga Forom zuwa Bilak, ba mu ga mai sayar da irin wannan ba, ko da mun gani ma kuɗin sun fi ƙarfinmu. Amma fa dukanmu mun taso muna ƙera motar waya da ta gwangwani, iyayenmu kuma a ƙauye motar kara suka yi. Hannu dai ya saba. Abin da motar wasa ba ta taɓa neman mu yi ba shi ne awo.

Dalilin da ya sa muka zaɓi dogo, ai ba sai an faɗa wa ɗan Bromakote ba. Tafiya kaɗan ce daga gidajenmu, muna jin kukan jirgin kaya da dare. Kakannin da yawa daga cikinmu a kansa suka shigo garin nan: mota ta ɗauko su daga Tawa ko Doso ko Maraɗi zuwa Wagadugu, daga can jirgi ya sauke su a tashar Tireshbil da ƙullin kayansu. Da muka bincika tarihinsa, mun samu an fara shimfiɗa shi a 1904 daga bakin ruwan Abijan. Ya kai Dimbokoro a 1910, Buwake a 1912, Bobo a 1934, Wagadugu sai 1954. Shekara hamsin ke nan ana aiki. Da aikin dole Turawan Faransa suka yi mafi yawansa, har mutanen Abe na yankin Agbobil suka yi bore a 1910 suka tumɓuke ƙarafunan, kuma ba a soke aikin dole ba sai 1946, da dokar da ke ɗauke da sunan Hufuwet Bwanyi. Jirgin fasinja mai zuwa Wagadugu an dakatar da shi a 2020 lokacin korona, saboda haka ƙannenmu na aji ɗaya ba su taɓa ganin mutum ya leƙo ta tagar tarago ba.

Allah ya yi mana sauƙi a wajen lissafi. Faɗin wannan dogo, daga ƙarfe zuwa ƙarfe, mita ɗaya ne cif. Sai muka ce to, kowace mita ɗaya ta gaske ta zama santimita ɗaya a kan katakonmu. Shi ke nan, kowa ya iya lissafin da ka. Ƙofa mai mita 2 ta zama santimita 2. Ɗakin haya mai mita 4 da 3 ya zama ɗan akwati da bai kai kwalin ashana ba. Wannan ƙa'ida ɗaya ita ta riƙa yanke mana hukunci a kan komai, har abin da ranmu bai so ba. Duk mun so gwangwanin sardin ya zama tarago, tunda da shi muka saba, amma da aka ɗora rula faɗinsa ya tashi kusan mita 6 a lissafinmu, alhali tarago na gaske bai kai mita 3 ba. Aka kore shi. Ƙaramin kwalin man goge haƙora shi ya ci jarabawa. Ƙafafun jirgi kuma maɓallan ƙarfe ne masu matsewa, irin na teloli, wani kawunmu mai ɗinki ya ba mu tafin hannu guda.

Ƙarafunan dogon daga matattun laima muka ciro su, waɗanda damina ta karya aka zubar. Suna da miƙewa, ba sa lanƙwasa, shi ya sa wurin kwana muka sa waya. Gungumen da dogo ke kwance a kansu tsinken ashana ne, an datse kowane ya zama santimita 2, an jera su ɗaya bayan ɗaya. Wallahi wannan aikin shi ya fi cin rai, mutum biyu suka yi wata guda a kansa. Tsakuwar da ke tsakani yashin teku ne da muka tankaɗe da rariyar shayi. Maimakon gam na kanti, ƙaron da muke haɗa tawada da shi muka jiƙa ya yi kauri, wurare masu faɗi kuma kokon sitacin rogo. Itatuwa tsohon soso ne a kan waya. Ciyawa garin katako ne daga wurin kafinta.

Rufin kwano ya ɗan ba mu wuya. In ka ɓare fuskar kwali za ka ga ciki mai tudu da kwari kamar kwano, sai dai in aka auna, kowane tudu ya kai rabin mita a lissafinmu, rufin sai ya zama kamar na ƙattin aljanu. Ƙanwar ɗayanmu ce ta kawo dabara: a shimfiɗa takardar alminiyam a kan mataji mai ƙananan haƙora, a goga da farce. Ya fito sak. Amma sabon kwano mai walƙiya ba na unguwarmu ba ne. Sai muka tauna goro muka shafa ruwansa, ya bushe ya ba da tsatsa, muka ƙara da tawadar allo mai ruwa-ruwa a gindin bango inda danshi ke baƙanta siminti. Abin mamaki, mu da muka tashi a kartiyen nan, sai da muka fita muka tsaya muka duba kafin mu san daga wane gefe tsatsa take fara cin kwano, da kuma tsawon da baƙin danshi ke kaiwa a jikin bango. Shekara goma sha bakwai muna wucewa ba mu lura ba.

Gadar Hufuwet Bwanyi ita ce abin alfaharinmu. An gama ta a 1957, ita ta maye gurbin tsohuwar gada mai yawo a kan ruwa. Motoci a sama suke bi, jirgi kuma yana bi ta cikinta, ƙarƙashin titi, kamar ya shiga akwati mai tagogi. Tsawonta mita 372, kashi takwas, kowane mita 46 da rabi. A ma'auninmu ta zama santimita 372, katakonmu biyu kuwa in an haɗa su ba su kai mita 5 ba. In aka gina ta duka, ba wurin Ajame ba wurin Tireshbil. Muka gina kashi biyu kawai, santimita 93. Filato gaba ɗaya ma mun tsallake ta. Malam da ya duba ya ce ba laifi a rage, laifin shi ne a rage a ɓoye. Don haka duk inda muka yanke tafiya mun kafa ɗan allo, an rubuta da ajami da boko: nan an rage kaza. Wanda ya zo walima ya ga alluna uku irin wannan.

Akwai tambayar da muka san za ta taso, gara mu kai ta da kanmu. Muka ce, "Allah gafarta Malam, garin Jamusawan nan cike yake da ƙananan mutane da shanu. Mu fa?" Malam ya ce gini da itace da jirgi ba su da matsala, ya kawo mana labarin mai sana'ar zane da ya je wurin Abdullahi ɗan Abbas, Allah ya yarda da su, shi kuma ya nuna masa ya riƙa yin itatuwa da abin da ba shi da rai. Ɗayanmu ya ce ai an yi rangwame a kan 'yar tsanar yara. Malam ya kalli gemun da ya fara tsiro masa, ya ce, "Ga yara, na'am." Aka yi dariya, magana ta mutu.

Da farko garin ya yi shiru kamar an yi gudun hijira. Sai muka koma muna tunanin me mutum ke bari a wuri in ya tashi. Muka yanka ƙananan silifa daga robar tayar keke muka jera a ƙofar masallaci. Muka yi butoci da ƙwayar tasbaha. Muka ɗaura zare tsakanin ɗakuna biyu a tsakar kur muka shanya ƙyallaye. Teburin mai garba, ga tiren aceke ga kaskon kifi, benci a ture kamar yanzu aka tashi. Gbaka biyu a bakin titi, ƙofa a buɗe. Duk wanda ya duba sai ya ce ai lokacin salla ne, kowa na cikin masallaci. Mu ma haka muka bar shi.

Masallacin nan shi ya zaɓa mana inda za a ajiye teburin. Alƙiblar Abijan gabas ce mai karkata arewa, kusan digiri 65 daga arewa. Muka ce ba zai yiwu ɗan masallacinmu ya juya wa alƙibla baya a cikin zauren makarantar addini ba. Muka yi ta juya katakon har mihirabinsa ya daidaita da sahun da muke salla. Shi ya sa teburin ya tsaya a karkace, waɗanda suka yi ta tuntuɓe da kusurwarsa su yi haƙuri.

Yanzu ga inda aikin ya yi nauyi. Kowa ya san ana gina metiro na Abijan, kilomita 37 daga Anyama, garin goro, zuwa Por-Buwe, kuma hanyar tsohon dogo zai bi. Daga 2021 aka shiga share gine-ginen da ke bakin layin. Cikin mu tara, biyu a can aka haife su. Akwai wani jeri na shaguna da ɗakunan haya, da 'yar rumfar salla, inda mahaifin ɗayanmu ya yi shekaru yana gyaran rediyo. Yau fili ne da shinge. Gari yana buƙatar hanya, wannan ba mu musa ba, duk wanda ya taɓa tsayuwar jiran gbaka da magariba a Ajame ya san haka. Amma mun so a ce ko a kan katako, jerin nan ya tsaya yadda yake.

To da me za a auna abin da babu shi? Gada tana nan, tasha tana nan, ana iya zuwa a duba. Wannan kuwa sai abin da ya rage a kan mutane da cikin tsofaffin wayoyi. Nan karatunmu ya yi mana rana. A darasin hadisi an koya mana a tambayi wa ya faɗa, daga wa ya ji, ya gani da idonsa ko labari aka ba shi. A fiƙihu an koya mana shaidu biyu. Muka kafa doka: ba za a gina ɗaki ba sai mutum biyu da suka zauna wurin sun yarda da shi, kuma ba a gaban juna aka tambaye su ba, ko kuma hoto ɗaya da mutum ɗaya.

Hotuna goma sha ɗaya muka samu, kuma ba ɗaya da aka ɗauka don gini. Na suna ne, na Salla, na wani ya sayi sabon babur. Mutanen da ke gaba muka bari, bangon da ke bayansu muka riƙa kallo. Bulon siminti tsawonsa santimita 40 ne, tsayinsa 20. In bango ba shi da shafe, sai ka ƙirga bulo: goma a jere mita 4 ke nan, sahu goma sha uku a tsaye ya ba ka tsayin ɗaki. Inda aka yi shafe, ƙofa muka ɗauka ta zama ma'auni. Da haka muka fitar da shago shida da ɗaki huɗu da rumfar salla.

Tambayar mutane ta fi ƙirgan bulo wuya. Wani dattijo ya rantse shagonsa ƙofa biyu ne. Maƙwabtansa biyu, kowa daban, suka ce ɗaya ce da taga. Muka koma muka gaishe shi muka ce, "Baba, ga abin da muka ji." Ya yi shiru, can ya ce, "Niyyar ta biyun na yi, har na sayi ƙyauren." Muka gina masa ƙofa ɗaya, muka jingina ɗan ƙyaure a jikin bango. Da ya gani ya ce haka yake, wurin ma da ya jingina shi ke nan. Wata inna mai koko da ƙosai ta ce, "'Ya'yan nan, ku yi mini rumfar da sabon kwano mana, ai ba kuɗi za ku kashe ba." Muka ce, "Inna, in muka sabunta ta ba wanda zai gane taki ce." Ta ce to a sa mata bencinta mai ƙafa uku da dutsen da ke tallafe da shi. An sa.

Akwai ɗakuna uku da shaida ba ta cika a kansu ba. Masu su sun watse, an ce wani ya koma Abobo, wani ya tafi gida Nijar, ɗaya kuma ya rasu, Allah ya jiƙansa. Biyu daga cikinmu suka ce a ƙaga wani abu a cike wurin don kada jerin ya yi giɓi kamar bakin tsoho. Aka yi gardama sosai, har wani ya yi fushi ya yi Alhamis biyu bai zo ba. A ƙarshe muka zana iyakar kowane ɗaki da farin alli muka bar cikinsa wayam. Hujjarmu ita ce, in muka ƙaga uku, ba wanda zai ƙara amincewa da sauran goma sha ɗayan.

Irin wannan gardamar ta sake tasowa a bakin katako, inda dogonmu ya ƙare ta arewa. Sunan layin tun asali Abijan-Nijar, don an yi niyyar ya kai kogin Kwara, kuma har yau bai kai ba. Bayan Wagadugu an ƙara kusan kilomita 100 zuwa Kaya, aikin da aka faro a zamanin Sankara. A Nijar an shimfiɗa kusan kilomita 140 daga Yamai zuwa Doso, aka buɗe a 2016, amma bai haɗu da wani layi ba. 'Yan Tawa na cikinmu suka ce tunda manya sun kasa, mu mu kafa tashar Yamai a ƙarshen teburi. Abin ya burge mu, ba ƙarya. Sai dai dokar da ta hana Baba ƙofa ta biyu ita ta hana mu tasha. Muka kafa allo na huɗu: a wannan ma'auni, Wagadugu tana gaba da kilomita 11 da rabi daga wannan zaure, Yamai kuma sai an ƙara kusan kilomita 5 babu dogo.

Ranar walima mun ɗauka gada ce za ta tara jama'a, da jirgin da ake ja da zaren kamun kifi ta ƙarƙashin teburi. Yara kam can suka taru. Manya kuwa jerin shagunan suka kewaye, kowa da yatsa a miƙe, ana ta "nan ne", "a'a, matsa kaɗan". Wasu tsofaffi suka ɓalle da hirar Gazal, jirgin fasinja na zamanin RAN, da yadda ake cinikin abinci ta taga a kowace tasha. Wata baƙuwa da ta zo saukar jikanta ta tsaya a kan farin allin nan na tsakiya ta ce, "Wannan ai ɗakin yayata ne, ƙofarsa shuɗiya." Mun rubuta abin da ta faɗa da kwanan wata. Shaida ɗaya ta samu, saura ɗaya.

Ga 'yan ajin da ke biye da mu, teburin yanzu amanarku ce. Kwali ba ya son daminar Abijan, musamman watan Yuni. Ku ɗaga katakon daga ƙasa, ku shafa wa gindin gine-ginen kakin kyandir, ku rufe da leda amma ku bar wurin iska, in ba haka ba fumfuna za ta cinye shi. Kyankyaso yana son sitacin rogo, ku riƙa dubawa. Littafin awo yana wurin Malam, da hotunan da bayanin wanda ya ba da kowace shaida. Kada ku hau kan dogo don awo, daga gefe ake ƙiyasi, jirgin kaya ba ya tsayawa don kowa. Shawararmu mafi girma ita ce ku ɗauki tef ku auna abin da ke tsaye yau, zauren makarantar nan, da kur ɗinku, da teburin mai shayin bakin layi. Auna bango yana tsaye aikin minti goma ne, mu kuwa wata uku muka yi muna ƙirgan bulo a bayan hoton suna. In kuma wani ya zo ya ce ya san ɗaki mai shuɗiyar ƙofa, ku tambaye shi a keɓe, in maganarsa ta dace da ta littafi, ku gina.

Muna godiya ga Malam da ya ba mu kusurwar zaure ya kuma jure warin goro da ƙaro, da kawunmu tela, da kafintan da ya ba mu katako bashi har aka tara jikka-jikka aka biya, da iyayen da suka buɗe mana wayoyinsu. Waɗanda suka rasa wuraren zamansu da sana'arsu, Allah ya musanya musu da mafi alheri. Allah ya sa karatunmu ya zama mai amfani, ya jiƙan magabatanmu da suka shigo garin nan a tarago.